Yadda Ake Zama Babban Mai Binciken Haɗin Bakin Kamfanoni a Kan Farashi

Duk lokacin da farashin siminti ko sukari ko takin zamani ya tashi rana ɗaya a wurin kamfanoni daban-daban, abin da jama'a ke fara faɗa shi ne an haɗa baki. Wani lokaci gaskiyarsu ce, wani lokaci kuma zargi ne kawai, kuma akwai mutanen da sana'arsu ita ce rarrabe waɗannan biyun da hujjar da za ta iya tsayawa a gaban alƙali. A Najeriya sana'ar sabuwa ce, domin sai a farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC da kotun musamman mai duba hukunce-hukuncenta. Amurka kuwa tun 1890 take da dokar Sherman, Afirka ta Kudu kuma ta yi tata a 1998. Wannan tazara ta sa ƙwararru suka yi mana ƙaranci, saboda haka matashin da ya shiga fagen yanzu da gaske yana da sararin da zai girma har ya jagoranci bincike.

Kafin komai sai ka san abin da za ka yi farauta. Haɗin baki shi ne kamfanonin da ya kamata su yi gogayya da juna su zauna a ɓoye su tsayar da farashi, ko su raba garuruwa da masu saye a tsakaninsu, ko su rage kayan da suke fitarwa don su yi tsada, ko kuma su shirya wanda zai ci kwangila tun kafin a buɗe takardun nema. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ji wannan baƙo ba, tun da shari'a ta hana ɓoye abinci don a jira tsada, ta kuma hana najashi, wato mutum ya taya kaya da tsada ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani. Dokar Najeriya ta tanadi tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na jimillar cinikin kamfani a shekarar da ta gabata, mutanen da suka shirya abin kuma suna iya fuskantar ɗauri.

Ƙofofin shiga guda biyu ne manya, wato karatun lauya da karatun tattalin arziki, kuma duk wadda ka shigo ta cikinta dole ne ka koyi ɗayar. Lauyan da bai iya karanta jadawalin farashi na shekara biyar ba zai zama ɗan kallo idan masanin tattalin arzikin da kamfani ya ɗauko ya fara bayani a kotu. Masanin tattalin arzikin da bai san ƙa'idar karɓar shaida ba kuwa zai kawo lissafi mai kyau a yi watsi da shi. Akanta da masanin kwamfuta mai iya tono saƙonnin da aka goge su ma suna da gurbi, haka wanda ya taɓa aikin bincike a EFCC ko ICPC ko ofishin sa ido kan ba da kwangila na BPP. Idan hali ya samu, Jami'ar Johannesburg tana da cibiya ta musamman a kan gasa da tsara kasuwa, King's College ta Landan kuma tana ba da difloma a dokar gasa ta hanyar karatu daga gida. Amma a ganina karatun da ya fi amfani kyauta ne: kotun gasa ta Afirka ta Kudu da Hukumar Tarayyar Turai suna sa hukunce-hukuncensu a intanet, kuma wanda ya lazimci karanta su daga farko har ƙarshe, yana lura da irin shaidar da aka karɓa da wadda aka ƙi, zai fi mai takardar da bai taɓa buɗe fayil ba.

Shekarunka na farko za su tafi ne a kan takardu, kuma kada ka raina wannan. Ɗauki misalin kwangilar gina azuzuwa da kamfani huɗu suka nema. Ka shimfiɗa takardun huɗun a kan tebur ɗaya, ka bi su layi-layi. Shin kuskuren rubutu iri ɗaya ya fito a shafi na uku na biyu daga cikinsu? Lambobin takardun banki da suka haɗa da su a jere suke, kamar mutum ɗaya ne ya karɓo su a reshe ɗaya da safe ɗaya? Lambar wayar da ke kan takardar wannan ita ce a kan ta wancan? Idan ta kwamfuta aka turo su, duba bayanan da ke maƙale da kowane fayil, domin sau da yawa suna nuna sunan na'urar da aka rubuta shi da ita. Daga nan sai ka koma baya shekara uku ko huɗu ka ga ko cin kwangilar yana zagayawa tsakaninsu kamar adashi, ko kuma wanda ya faɗi yana dawowa daga baya a matsayin wanda aka yankar wa wani ɓangare na aikin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa hukunci shi kaɗai, amma idan suka taru sun isa a nemi izinin bincike. Irin wannan maguɗin ne aka bankaɗo a harkar gine-gine ta Afirka ta Kudu, har da filayen wasan gasar cin kofin duniya ta 2010, inda a 2013 kamfanoni 15 suka amince su biya tarar kusan rand biliyan 1.46.

Abin da ya fi wuya a koya, kuma shi ne ke raba gwani da ɗan koyo, shi ne haƙuri da cewa tashin farashi tare ba hujja ba ce. Idan masara ta yi tsada a kasuwar Dawanau a tsakiyar damina, kafin sabuwa ta shigo, kowane ɗan kasuwa zai ɗaga nasa ba tare da ya yi shawara da kowa ba, domin rumbuna sun yi ƙasa, kuɗin mota ya ƙaru wa kowa, kuma kowa yana jin abin da maƙwabcinsa ke sayarwa. Haka idan dala ta tashi, duk masu shigo da kaya za su motsa a mako ɗaya. Doka ba ta hana ka kalli farashin abokin gogayyarka ka bi shi ba. Abin da ta hana shi ne yarjejeniya. Don haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce, shin akwai abin da waɗannan kamfanoni suka yi wanda mai hankali ba zai yi shi kaɗai ba sai in ya tabbata sauran za su bi? Farashin da ya tashi alhali kuɗin kayan aiki ya sauka, ko kamfanin da ya ƙi sayar wa mai saye a garin da zai ci riba, ko ragin farashin da ake yi wa dillalai da aka yanke daidai wa daida rana ɗaya, waɗannan su ne ke sa a kasa kunne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma sai an yi musu adalci, domin suna sasanta rikici, suna tsaron kasuwa, suna taimakon wanda gobara ta cinye wa shago. Inda suke ƙetare iyaka shi ne su yanka farashin da kowa zai sayar, su ci tarar wanda ya sauke, ko su hana baƙo sauke kayansa.

Labarin burodi a Afirka ta Kudu ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk darussan aikin suna cikinsa. A watan Disamba na 2006, dab da Kirsimeti, ƙananan dillalan burodi a yankin Cape Town suka lura manyan gidajen burodi sun ƙara farashi lokaci ɗaya, sun kuma rage musu ragin da suke samu, sai aka kai ƙara hukumar gasa. Da bincike ya kankama, kamfanin Premier Foods ya riga sauran zuwa ya amsa laifi, ya ba da bayanin tarurrukan da aka yi, aka yafe masa tara a ƙarƙashin tsarin sassauci. Tiger Brands ya sasanta a 2007 ya biya kusan rand miliyan 99. Pioneer Foods ya zaɓi ya yi shari'a, kotu ta ci shi tarar kusan rand miliyan 196 a 2010. Binciken bai tsaya a burodi ba, ya kai ga masu niƙa alkama da masara. Ka lura cewa ƙorafin ƙaramin dillali ne ya buɗe ƙofar, saboda haka mai bincike ba ya raina wanda ya shigo ofis da rasit biyu a hannu.

Tsarin sassaucin nan shi ne makami mafi kaifi da za ka riƙe, kuma FCCPC ma tana da ƙa'idojinsa. Ma'anarsa ita ce wanda ya fara zuwa ya tona asiri da cikakkiyar shaida ana iya yafe masa, waɗanda suka biyo baya kuma a rage musu gwargwadon amfanin abin da suka kawo. Hikimarsa ita ce yana jefa rashin yarda a tsakanin 'yan haɗin bakin, kowa yana tsoron kada ɗan'uwansa ya riga shi. Da shi ne Tarayyar Turai ta karya haɗin bakin masu ƙera manyan motoci da ya yi shekara 14, daga 1997 zuwa 2011: kamfanin MAN ya tona, bai biya komai ba, su Daimler da Volvo da DAF da Iveco kuma aka ci su tarar yuro biliyan 2.93 a 2016. Sai dai tsarin ba ya aiki sai da amana. Idan lauyan kamfani ya kira ka yana tambayar ko gurbin na farko yana nan, ka rubuta ranar da sa'ar da ya kira, ka taƙaita waɗanda za su san sunan kamfanin, kuma kada ka yi alkawarin da hukuma ba za ta cika ba. Ranar da sunan mai tona asiri ya fita jarida daga ofishinka, ba za ka sake ganin wani ya zo ba.

Samame kuwa ana shirya shi ne kamar gobe za a yi shari'a. Ka samo izinin alƙali wanda ya fayyace wuraren da za a shiga da abin da ake nema, ka raba ma'aikata su isa duk ofisoshin lokaci ɗaya da sassafe, don kada wani ya kira wani a fara goge saƙonni. Wayoyin manyan jami'an sayarwa sukan fi akwatunan takardu amfani, tun da yawancin shirin yanzu a WhatsApp ake yin sa. Duk abin da aka ɗauka a rubuta shi, a nuna ɗakin da aka same shi da wanda ya ɗauka, wakilin kamfani ya sa hannu, wasiƙun da ke tsakanin kamfani da lauyansa kuma a ware su gefe. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta, saboda haka ka tanadi takardar tabbatar da sahihancinsa tun ranar. Wajen yi wa mutum tambayoyi, ka bar shi ya ba da labarinsa da bakinsa har ya gama, sannan ka ajiye masa takardar shaidar da ka samu a gabansa.

Idan ka kai matakin shugabanci, aikinka zai koma zaɓen abin da za a bincika da kuma kare masu binciken. Ƙorafe-ƙorafe sun fi ma'aikata yawa, kuma ni ina ganin abinci da magani da taki da sufuri da kwangilolin gwamnati su ya kamata a sa gaba, domin a nan ne ƙarin naira kaɗan ke cin talaka kowace rana. Ka kuma shirya wa doguwar tafiya. Binciken da FCCPC ta yi wa kamfanin taba na British American Tobacco ya fara a 2020, an kai samame a 2021, ba a sanar da tarar dala miliyan 110 ba sai a ƙarshen 2023. A irin wannan tsawon lokaci za a kira ka daga sama, za a turo dattijon da kake jin nauyinsa, jama'a kuma za su matsa a kama wani tun da kaya sun yi tsada. Kada ka sanar da laifin kowa a gaban 'yan jarida kafin a ba shi damar kare kansa, domin hukuncin hukuma yana zuwa kotun musamman, daga can kuma kotun ɗaukaka ƙara, kuma kowace gajeruwar hanya da ka bi za a tono ta a can. Idan kana da hannun jari ko ɗan'uwa a kamfanin da ake bincike, ka faɗa a rubuce ka janye daga fayil ɗin.

Manyan haɗin baki ba sa tsayawa a iyakar ƙasa, don haka ka ƙulla zumunci da takwarorinka tun kana ƙaramin jami'i. ECOWAS tana da hukumar gasa ta yanki a Banjul, ƙasashe masu amfani da sefa irin su Nijar da Benin kuma harkar gasarsu tana ƙarƙashin hukumar UEMOA da ke Wagadugu, sannan a 2023 shugabannin Afirka suka amince da yarjejeniyar gasa ta kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar. Mai binciken da ke jin Hausa da Turanci, ya kuma ƙara da Faransanci, zai iya bin sawun buhun shinkafa ko taki daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano har Maraɗi da Kano, yana karanta takardun kowane ɓangare da kansa ba tare da jiran tafinta ba.