Abin da sabuwar tab ke buƙata kafin ta ture iPad a kasuwar Kano

Tun da Apple ya fito da iPad a 2010 kamfanoni ke ƙoƙarin kayar da ita, kuma yawancinsu wuri ɗaya suka yi tuntuɓe: sun kwaikwayi siffarta, sun kuma saka kuɗi daidai da nata. HP TouchPad ta fito a 2011 kan dala 499, ba ta cika wata biyu ba aka janye ta, aka karyar da ragowar a dala 99. A shekarar ce Amazon ya kawo Kindle Fire kan dala 199, ta samu shiga, domin ba ta ja da iPad a inda take da ƙarfi ba.

Duk mai son shigo da sabuwar tab Kano ya sani cewa abokiyar karawarsa ita ce iPad ta hannu da ke cikin gilashin shagunan Farm Centre da titin Beirut. Mai saye zai ɗora su biyu a tafin hannu ya auna. To, a nemi inda iPad ke da rauni a garin nan.

A fara da wuta. Batir kada ya gaza mAh 8,000, ramin caji ya zama USB-C, caja kuma ta zo cikin kwali, mai ƙafa uku, mai wat 30 ko fiye. Caja mai wat 10 sai ta kwashe wajen awa huɗu kafin ta cika irin wannan batir, alhali wutar da aka kawo ba lallai ta kai haka ba.

Zafi ya fi rashin wuta ɓarna. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, ga shi a watan Afrilu Kano na haura 40. Batirin litiyam da ake caji cikin irin wannan zafi yana saurin mutuwa, wani ma ya kumbura har ya ɗaga sikirin daga gefe ɗaya. Maganinsa bayan alminiyam mai fitar da zafi, da furosesa mara cin wuta, da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80. Kafin a yi odar kaya, a jona samfurin a caji da tsakar rana a ɗakin da ba fanka, a kunna bidiyo awa biyu. In ta fara nauyi ko haskenta ya dushe da kansa, a mayar wa masana'anta.

Sai layi. iPad ba ta kiran waya da sim ɗinta, wasu sababbin ma eSIM, wato layin da ba shi da kati, kaɗai suke karɓa. Sabuwar tab ta ɗauki layi biyu, ta yi kira, ta kama zangon 4G da kamfanonin layi ke aiki da su, wato na 3, 7, 20 da 28, in ba haka ba sabis ɗin wani kamfanin sai ya faɗo 3G. A kuma bar ramin memori, wanda iPad ba ta da shi sam. Mutane da yawa a wajen masu turawa suke karɓar tafsiri da finafinai don data ta yi tsada.

Gyara kuwa shi ne inda ake cin kasuwa ko a faɗi. Ramin caji ya zauna a ƙaramin fanel nasa daban, domin ƙurar hunturu da jijjigar wayar caja shi suke fara kashewa. In an manne shi a jikin babban injin, ƙaramin gyara ya zama babba. Gilashin taɓawa ya rabu da sikirin ɗin ciki, yadda in yaro ya yar da ita gilashin kawai za a canja. Abu mafi muhimmanci: sikirin, batir da fanel su iso hannun masu gyara kafin tab ɗin ta shiga shago. Tecno, Itel da Infinix sun kafu ne a nan saboda kayan gyaransu na ko'ina, ga kuma cibiyoyinsu na gyara, Carlcare. Da mai gyara ya ce wa mutum biyu “babu sikirin ɗinta”, labari ya gama kasuwa.

A manhaja iPad ta fi ƙarfi, don tana shafe shekaru tana samun sabuntawa. A nan ba wayo: ram gig 6, ma'aji gig 128, lasisin Google Play na gaske, da alkawarin sabunta tsaro na shekara huɗu a rubuce a jikin kwali. Madannai su zo da ɓ, ɗ, ƙ a shirye, wasullan Larabci su zauna daidai kan haruffa saboda ɗaliban Islamiyya, iyaye kuma su iya kulle abin da ba su so yara su buɗe.

Farashi dole ya yi ƙasa da na iPad ta hannu a fili, ba da ɗan tazara ba. In za a rage kuɗi, a rage a kyamarar baya, ba mai ɗaukar hoton biki da tab. A bar wa kyamarar gaba da lasifika ingancinsu, su ake buƙata a darasin intanet da kiran bidiyo.