Abin da ke tsaga wuƙa a wurin ba ta ruwa

Makonnin da ke gaban babbar salla maƙeran Damagaram ba sa samun sararin kansu. Magidanta na neman wuƙar layya, mahauta na neman ta fiɗa, kowa kuma so yake a ba shi yau. A wannan lokacin ne aka fi yin asarar wuƙaƙe: an ƙera, an goge, an zuga ta yi ja, ana ba ta ruwa, wato tsoma ta a ruwa ko mai don ta yi tauri, sai a ji wani ɗan ƙas, aikin yini ya tafi. Yawanci ruwan ake ɗora wa laifi. Amma akasarin tsagar tun a wuta ko a kan uwar maƙera aka shuka ta, tsomawa tona ta kawai ta yi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙarfe mai kabon (sinadarin da ke sa ƙarfe ya iya taurara), in zafinsa ya wuce digiri 800 aka sanyaya shi da sauri, yakan yi tauri, kuma a wurin yin taurin nan yana ɗan kumbura. Baki siriri ne, shi ke riga taurara. Baya mai kauri sai daga baya yake kumbura, ya ja bakin da ya riga ya sandare kamar gilashi. Bakin ba ya miƙewa, sai dai ya tsage. Shi ya sa tsagar tsomawa ta fi fitowa a gicciye, daga kaifi ta nufi baya.

Kuskuren da ya fi kowanne cin wuƙa shi ne zafin da ya wuce kima. A hasken ranar Zinder, musamman a maƙera mai rumfa ba bango, ido yana yaudarar mai shi: ƙarfen da ake gani ja-ja-ja da tsakar rana ya riga ya kai ruwan goro in da a duhu ne. Zafin da ya zarce yana ƙara wa ƙwayar ƙarfe (ƙananan ƙwayoyin da ake gani a cikinsa in an karya shi) girma, ƙarfe mai manyan ƙwaya kuwa ba ya jure ja. Maganin ba tsada. Ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika ka rataye shi kusa da wuta. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770. Da ka ga ya saki, mayar da wuƙar wuta ta ƙara haske kaɗan, ta kai tsakanin 800 da 830, sannan ka tsoma. A yi aikin da asuba ko bayan magariba. A sa bayan wuƙar cikin garwashi, bakin yana sama, a riƙa ja da turawa, domin tsini da kaifi sukan riga sauran jiki ƙonewa. Mai zuga kuma ya sassauta hannu, zugazugi ba ganga ba ne. Wuƙar da ta yi tartsatsi a wuta ta ƙone, sai dai a yanke wurin a yar.

Da yawa suna tashi daga guduma kai tsaye zuwa tsomawa. Ƙira tana barin ƙwayar wani wuri babba, wani wuri ƙarama. Kafin a ba ta ruwa, a zafafa wuƙar ta ɗan wuce inda take sakin maganaɗisu, a fitar, a riƙe ta a iska inda ba guguwa har jan ya mutu ta koma baƙa. A yi haka sau 3, kowane zagaye zafinsa ya ɗan gaza na baya. Minti 15 ne, kuma shi ke gyara yawancin ɓarnar da wuta ta yi lokacin ƙira. Haka nan dukan ƙarfe bayan jan ya tafi yana buɗe ƙananan tsage da ido ba ya gani. In ya dushe a mayar da shi wuta.

Sai ƙarfen kansa. Kusan duk wuƙar da ake ƙerawa a nan daga tsohon ƙarfe take: sifirin na mota, tsohon magagari, wani lokaci rodi. Sifirin yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari tare da ɗan kuromiyam, an yi shi ne don a tsoma a mai, ruwa ya yi masa tsanani da yawa. Ban da haka, sifirin da ya shekara yana ɗaukar lodi a hanyar Agadas ko ta Diffa yakan zo da tsagarsa ta gajiya, galibi kusa da ramin ƙusar tsakiya da kan da aka naɗe. A guji waɗannan wuraren. Magagari kabon ɗinsa ya kai kashi 1 ko fiye, yana kaifi sosai amma ba ya yafe kuskure, kuma dole a goge haƙoransa tas kafin a fara duka, in ba haka ba kowane haƙori zai ninku ya zama bakin tsaga. Rodi kuwa ba a san abin da ke cikinsa ba, wani ma ba ya taurara sam.

Duk ƙarfen da ba ka san shi ba, yanki ɗan guntu, ka buga shi ya yi kaurin wuƙa, ka tsoma a mai. Goga masa magagari. In ya zame bai ci ba, mai ya isa, babu dalilin zuwa ga ruwa. Karya guntun ka dubi cikinsa: in ya yi laushi launin toka kamar gari, zafinka daidai ne, in yana ƙyalli da ƙwaya kamar sukari, wutar ta yi yawa.

Wasa baki kafin tsomawa shi ma yana kashe wuƙa. A bar kaifi da kaurin milimita 1 zuwa 1.5, a wasa bayan an gama komai. Zanen da magagari ko injin guga ya bari a gicciye hanya ce aka share wa tsaga, don haka a bi shi da samfefa mai lamba 120 zuwa 220, a tsaye, daga gindi zuwa tsini. Kafaɗar da wutsiya ke shiga ƙota kada ta zama kusurwa mai kaifi, a zagaye ta da magagari mai da'ira. Ramukan ƙusa a huda su tun ƙarfen yana da taushi, a kashe musu gefe.

Game da abin tsomawa, man gyaɗa ya fi baƙin mai. Baƙin man da aka juye daga inji hayaƙinsa na cutarwa, ga datti, wani lokaci ga ruwa kwance a ƙasansa, ruwan nan kuwa shi ke tsaga tsinin da ya taɓa gindin gwangwani. A sami lita 4 zuwa 5 a dogon gwangwanin ƙarfe mai murfi, saboda in ya kama wuta a rufe shi. A ɗumama man zuwa digiri 50 ta hanyar tsoma wani jan ƙarfe. Da sanyin hunturu man yakan yi kauri ya kasa ɗauke zafi daidai, sai wani wuri ya taurara wani bai yi ba. A tsoma da tsini, a miƙe, a riƙa motsawa ta fuskar kaifi da baya kamar ana yanka, ba gefe da gefe ba, don wannan ke lanƙwasa ta. In ana tsoma wuƙaƙe a jere, man da yatsa ba ya iya daɗewa a ciki ya yi zafi, a jira.

Akwai wuƙar da ke fita lafiya, a ajiye, da safe a tarar ta tsage ita kaɗai. Wannan jinkirin rage tauri ne ya jawo. Da ta huce har hannu na iya riƙe ta, a mayar da ita zafin digiri 200, awa 1 zuwa 2, a bari ta huce, a sake. In babu tanda mai ma'auni, a goge gefe ɗaya ya yi fari, a kwantar da bayanta a kan wani kaurin ƙarfe mai zafi ko cikin tiren yashi a kan murhun gawayi, a zuba ido. In launin busasshen kara ya iso kaifi, wajen digiri 220 zuwa 230 ke nan, a ɗauke. Shuɗi a baki ya kai 300, taurin ya ragu da yawa. Kafin wannan matakin kada a ɗora mata guduma don miƙe lanƙwasa, kada a sara ta a itace don gwaji.

Wadda ta riga ta tsage ma kada a jefar ba a duba ba. Karya ta a daidai tsagar. In cikin ya yi baƙi ko shuɗi-shuɗi, tsagar ta riga tsomawa, wuta ta shiga cikinta, laifin na ƙira ne ko na tsohon ƙarfen. In fari ne tas, a wurin tsomawa ta faru, sai a koma ga zafi, kaurin baki da mai. Wadda ake shakka a kanta a shafa mata kananzir, a goge, a barbaɗa garin alli: inda akwai tsaga kananzir zai fito ya ja layi a kan allin cikin ƴan mintoci.