Kurakuran da masu tsaftace haƙora ke tafkawa wajen ƙarasa digiri ta onlayin

Wata ƙanwata da ke aiki a ɓangaren haƙori na wani asibiti a gida ta turo min linki kwanaki, wai ta samu jami'a a Amurka da za ta ƙarasa digiri tana zaune a ɗakinta, har ta fara lissafin dala nawa za ta canza, na ce mata dakata tukuna ki karanta sharaɗin farko. Ta karanta, shiru kake ji.

Ga yadda abin yake. A Amurka yawancin masu wannan aiki na kankare dattin haƙora da duba dasashi da ɗaukar hoton baki, da takardar shekara 2 suke fitowa daga kwaleji, wadda suke kira asoshiyet, sai su zana jarrabawar ƙasa ta NBDHE da kuma ta aiki da hannu, sannan jiha ta ba su lasisi su fara saka RDH, wato mai tsaftace haƙora mai rajista, a bayan sunansu. To su ne aka buɗe wa kwas ɗin ƙarasa digirin nan. Shi ya sa za ki ga kusan ko'ina ana neman abu biyu, takarda daga makarantar da CODA, hukumar tantance kwasa-kwasan haƙori ta Amurka, ta amince da ita, da lasisi mai rai. Mai HND daga gida, ko da daga kwalejin haƙori ta Enugu ta fito kuma tana da rajista da hukumar su ta Najeriya, ba ta cika wannan sharaɗin ba, kuma ko da wata makaranta ta karɓe ta, digirin onlayin ba ya ba mutum izinin taɓa bakin kowa a can. Babu wanda ake koya wa riƙe ƙarfen kankara ta Zoom. In lasisin Amurka kike so, hanyar da aka saba ita ce ki shiga kwas na farko, wato na shiga aikin, ido da ido. Kuma kar ki sa rai da biza, kwas ɗin da duk onlayin ne ba a ba da bizar ɗalibi a kansa, masu bizar ɗalibin ta F-1 ma darasi ɗaya tak na onlayin ake ƙirga musu cikin nauyin karatun zango.

Sai kuskuren waɗanda suke can ɗin, masu lasisi a hannu, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi gaskiya. Mutum ya ci bashi ya yi digiri yana tunanin likitan da yake wa aiki zai ƙara masa kuɗin awa washegari. Ina! A kan kujerar asibiti lasisi ne ke aiki, abin da doka ta yarda ki yi wa mara lafiya jihar ce ke yanke shi, mai asoshiyet da mai digiri aiki ɗaya suke yi kuma sau da yawa kuɗi ɗaya. Amfanin digirin yana wani wuri ne daban, koyarwa a makarantar horar da masu wannan aiki (CODA na son malami ya zama yana da digiri, shugaban sashe kuwa mastas), aikin lafiyar al'umma, aiki da kamfanonin kayan haƙori, ko tsanin hawa mastas. Kuma duk wanda ya shekara goma a sunkuye kan bakin mutane ya san ciwon wuya da na wuyan hannu ba wasa ba ne, samun ƙofar fita kafin jiki ya gaza dalili ne mai ƙarfi. Amma ki san wace ƙofa kike nufa kafin ki biya, don wasu kwasa-kwasan sun karkata ga koyarwa wasu ga shugabanci, ki duba jerin darussan da idonki.

Maganar amincewa kuma mutane na rikita ta. CODA kwas ɗin shiga aiki take tantancewa, ba na ƙarasa digiri ba, don haka rashin ganin tambarinta a nan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ita jami'ar kanta, shin ɗaya daga cikin hukumomin tantance jami'o'i da ma'aikatar ilimi ta Amurka ta sani ta amince da ita? In babu, ranar da za ki nemi mastas za ki gane takardar tsire kika saya. Makarantu irin su Oregon Tech da East Tennessee State da Old Dominion sun daɗe suna wannan kwas, haka Jami'ar Bridgeport, wadda makarantarta ke ɗauke da sunan Alfred Fones, likitan da ya buɗe makarantar farko ta wannan sana'a a garin Bridgeport a 1913.

Kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darussa da shi, shi ma wani rami ne. Digiri yawanci kiredit 120 ne, kuma ba duk na tsohuwar kwalejinki za a ɗauka ba, ga jami'o'i da yawa na cewa dole kusan 30 a wajensu za a yi, ga darussan gama-gari irin su lissafin ƙididdiga da rubutun Turanci da mutum ya manta bai yi ba. Gyaran mai sauƙi ne, ki tura transkirif ga makarantu biyu ko uku, kowace ta rubuto miki a imel nawa ta karɓa nawa ya rage, sannan ki ninka da kuɗin kiredit ɗaya har da ƴan ƙananan caji. Waɗancan darussan gama-garin kuwa ki tambaya ko za a yarda ki yi su a kwalejin unguwa, ta fi araha nesa ba kusa ba.

Wani abu da ake mantawa, wasu kwasa-kwasan suna da aikin fili a ƙarshe, ke ce za ki nemo makaranta ko cibiyar lafiya kusa da ke da wanda zai sa miki ido, don haka ki fara neman tun zangon farko. Kuma in asibiti kike yini kwana huɗu ko biyar a sati ga yara a gida, kar ki kwaso darasi huɗu lokaci ɗaya, musamman irin na sati 8 ɗin nan masu gudu kamar an koro su, ki fara da ɗaya ko biyu ki ga yadda dare zai kaya.