Yadda ake tsara makomar akawun da rubuce-rubuce kafin ta Allah ta kasance

Shekara biyu kenan da rasuwar wata ƙawata marubuciya, Allah ya jiƙanta, har yau wayarta na nan a durowar mahaifiyarta ba wanda ya san lambar buɗewa. Littafin da take saki a WhatsApp ya tsaya a tsakiya, sauran shafukan da ta riga ta rubuta duk suna cikin wayar, abin da ya fi ƙona min rai kuma ranar da na ga lambarta ta dawo da hoton wani mutum daban, ashe an sake sayar da layin. A ranar na zauna na gyara nawa. Ga yadda na bi.

Da farko ɗauko biro da takarda ka jera duk inda kake da akawun, Gmail ne, Facebook ne, TikTok, Wattpad, manhajar banki, su Opay, kada ka bar ko ɗaya. A gaban kowanne rubuta abin da kake so a yi da shi, a goge ko a bari. Fasawod kuma a wata takardar daban, ka sa a ambulan ka liƙe, kuma lambar buɗe waya ita ce kan gaba don kusan duk lambobin tantancewa ta layinka suke shigowa.

Na biyu ka zaɓi mutum. Ba lallai sai babban yaya ba, wanda ake so mai amana ne da ya iya waya, kuma ka faɗa masa baki da baki inda ambulan ɗin yake. Wasu za su ce kana kiran mutuwa, toh ai hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim cewa ya yi bai kamata musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba.

Sai saitin kamfanonin. Google na da tsari tun 2013 mai suna Inactive Account Manager, za ka zaɓi wata 3 ko 6 ko 12 ko 18, idan lokacin ya wuce ba ka taɓa akawun ɗin ba sai su tura wa waɗanda ka zaɓa saƙo, har mutum 10, kuma kai za ka ware abin da kowa zai iya saukewa, wani hotuna wani Drive, wato ma'ajiyar fayil ta Google. Dan Allah kada ka yi wasa da wannan, tun Disambar 2023 Google na iya goge akawun ɗin da ya shekara 2 ba a shiga.

A Facebook ka shiga saiti ka nemi Legacy Contact, wato wanda zai kula da shafinka bayan rasuwarka, ka sa sunan mutum ɗaya. Zai iya sauya hoto ya kafe sanarwar rasuwa a saman shafi, amma ba zai shiga da sunanka ba, ba zai karanta saƙonninka ba. In kuma ka fi son a goge komai, zaɓin na nan a wurin. Masu iPhone su ma suna da irinsa tun ƙarshen 2021, ana ba wanda ka zaɓa wani mabuɗi, sai ya haɗa da takardar shaidar rasuwa.

Yanzu maganar rubutu, wadda ita ta fi damuna. WhatsApp ba ma'ajiya ba ce wallahi, akawun ɗin da ya kwana 120 ba a hau ba galibi goge shi ake. Su ma dandalin littattafai ba tabbas, OkadaBooks a Nuwamban 2023 ya rufe muna gani. Don haka kowane littafi ka haɗa shi a fayil ɗaya da sunanka da shekarar da ka rubuta, kwafi ɗaya a Drive ɗaya a fulash, wanda ka fi ji da shi ma ka buga a takarda. Sannan ka rubuta ƙarara: wanda ban gama ba a ƙarasa ko a bari haka? Wa zai ƙarasa? A ci gaba da sayarwa ko a saki kyauta sadaka? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, kenan dukiya ce ta magada, ba ta wanda ya riga kowa kwafewa a gurup ba. In akwai waɗanda suka biya kuɗin littafi ba a kai ƙarshe ba, a rubuta sunayensu, bashi ne.

Kuɗin da ke manhaja kuwa gado ne. Sanin lambar sirrinka bai halatta wa kowa cirewa ba, abin da wanda ka zaɓa zai yi shi ne ya sanar da magada a bi ta kotu da banki.

Na ƙarshe, wanda ni na fi daɗewa a kansa, bi tsofaffin hotuna da bidiyo da maganganun da ka taɓa saki, duk wanda ba ka so a ci gaba da yaɗawa kana kabari goge shi da hannunka yau. Ka kuma roƙi wanda ka zaɓa ya riƙa sa wa layinka kati yana kira da shi har sai an gama kwashe komai, don ni da layin ƙawata ya tsira kuma an san lambar buɗe wayarta da yanzu mun karanta ƙarshen littafinta.