Yadda Ɗan Zamfara Zai Koyi Wasan Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

Ɗalibin da ya bar Gusau ko Talatar Mafara ya tafi karatu Turkiyya, Rasha ko Kanada, da wuya hunturu ya wuce abokan karatu ba su gayyace shi zuwa dutse wasan zamiya ba. A Turkiyya kaɗai akwai Uludağ kusa da Bursa, da Erciyes a Kayseri, da Palandöken a Erzurum, garin da ya karɓi baƙuncin gasar hunturu ta jami'o'in duniya a 2011. Wanda fatauci yake kai shi Dubai ma zai tarar da Ski Dubai, filin ƙanƙara na cikin gini da aka buɗe a 2005. Wasan yana koyuwa ko da mutum ya girma bai san wata ƙanƙara ba sai ta firji, muddin zai haƙura ya daɗe a gindin dutse yana maimaita abu ɗaya har jikinsa ya saba.

Shiri yana farawa tun daga gida, domin nauyin wasan a kan cinyoyi da gwiwoyi yake. Ka riƙa jingina bayanka da bango kana lanƙwasa gwiwa har cinya ta ɗauki zafi, ka saba tsayuwa da ƙafa ɗaya, idan kuma akwai hali ka riƙa hawa da sauka a Dutsen Kwatarkwashi. Wanda ya iya takalmin taya ya rage wa kansa aiki sosai.

Kada ka sayi kaya a karon farko, haya ake yi a wurin. Za a tambaye ka nauyinka da tsawonka, kuma wajibi ne ka faɗi gaskiya, har da cewa kai sabon shiga ne, saboda da wannan ake saita maƙalin da yake riƙe takalmi a jikin allon zamiya, wato dogon siririn allon da ake ɗaurawa ɗaya a kowace ƙafa, yadda zai saki ƙafarka idan ka faɗi maimakon ya murɗe maka gwiwa. Allon ɗan koyo ba ya wuce haɓarsa idan aka tsayar da shi. Safa ɗaya ta isa, ko da sanyi yana raya maka ka ninka, don ninki yana matse ƙafa ya hana jini gudu. Ka guji sa rigar auduga a jikin fata, tana shan gumi ta sanyaya mutum. Hular kwano, safar hannu da tabarau kuwa ba ado ba ne, hasken rana da ƙanƙara take mayarwa yana iya ƙona ido. Shawarata ita ce ka yi alwala kafin ka ɗaure takalmin, cire shi aiki ne, ga yinin hunturu gajere, Azahar da La'asar kusa da juna.

Ka biya mai koyarwa. Aboki, komai ƙaunarsa gare ka, ɗokin hawa sama yake yi, zai kuma ja ka inda ba ka isa ba.

Darasin farko shi ne tsayawa, ba gudu ba. Ka kusanto da kawunan allunan biyu ba tare da sun haɗu ba, ka ware bayansu kamar bakin garma, ka tura diddige waje. Gwargwadon warewar, gwargwadon raguwar gudu. Juyawa daga nan take fitowa: idan hagu kake so, sai ka ɗora nauyinka a ƙafar dama, idan dama kake so, a ƙafar hagu. Da baki abu ne mai sauƙi, amma a nan ake daɗewa, domin da zarar allo ya fara sulalewa, tsoro yakan sa mutum ya ja jikinsa baya, nauyi ya koma diddige, kawunan allunan su daina kama ƙanƙara, gudun da yake jin tsoro ya ƙaru. Maganin ya saɓa wa abin da zuciya take so. Dole ka karkata gaba, wajen gangaren, har ka ji ƙwaurinka yana danna harshen takalmi, hannuwanka suna gabanka, idonka yana kallon inda za ka, ba ƙafafunka ba. Babu bayanin da zai dasa wannan a jiki. Sai an gangara, an koma, an sake gangarawa a ɗan tudun nan da yara ƙanana suke wuce ka a guje, kuma girman kai ne kawai zai hana babba jure hakan.

Faɗuwa tana cikin karatun. Idan ka ga abin ya ƙwace, ka zube ta gefe a kan ɗuwawu, kada ka tare ƙasa da tafin hannu alhali sandar da ake dogarawa wajen zamiya tana ciki, ta haka ake gurɗe babban yatsa. Wajen tashi, ka dawo da allunan ƙasa da jikinka, ka gicciya su a kan gangaren don kada su gudu da kai, sannan ka yunƙura.

A wurare da yawa na Turai ana bambanta hanyoyin gangarowa da launi: kore ta 'yan koyo, shuɗi mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙa ta gwanaye. Kada ka bar kore sai kana iya tsayawa a duk inda ka ga dama, kana kuma haɗa juyin hagu da na dama ba tare da tunani ba. Ƙa'idar hanya ita ce wanda yake gabanka ya fi ka haƙƙi, kai ne za ka kauce masa, kuma ba a tsayawa a tsakiyar hanya ko bayan tudun da masu saukowa ba sa hangen mutum. Idan cinyoyinka suka fara rawa da yamma, ka ajiye allunan ko da kuɗin tikitinka bai ƙare ba, ka sha ruwa da yawa domin iskar dutse tana busar da jiki, ka dawo washegari ka fara daga ƙaramin tudun da ka bari.