Yadda ake tsara yatsun ilektarod na na'urar SAW don rizonans ya fito tas

Shekara biyu kenan ina zama da ɗalibai a nan Samaru masu aikin firojet kan na'urorin SAW, wato ƙananan na'urorin da ke aiki da igiyar girgiza mai bin saman dutse, kuma kusan kullum waje ɗaya suke tuntuɓe. Yaro zai zo ya ce Malam, lissafi ya ba ni 100 MHz amma kwamfuta ta nuna wani abu daban, ko kuma tsinin rizonans ɗin, wato firikwansin da na'urar ta fi amsawa, ya baje kamar tudun yashi. In na duba, sai in tarar matsalar ba ta dutsen da ake gina na'urar a kansa ba ce, ta ƙarfen da ya ɗora a kai ce.

Dutsen nan piyezo ne, wato in an ba shi lantarki sai ya motsa, in an matsa shi kuma ya ba da lantarki. Abin da muke tsarawa shi ne IDT, ƙarafan nan masu kama da mataji biyu da aka sarƙe haƙoransu, wanda White da Voltmer suka fito da shi a 1965.

Da farko ka tsayar da dutse da yankansa, don shi ke ba ka gudun igiyar. Kwaz yankan ST gudunsa kusan mita 3158 a daƙiƙa kuma zafi bai cika motsa shi ba, amma kamun lantarkinsa, wato yadda yake juya lantarki zuwa igiya, rauni gare shi ƙwarai. Litiyam niyobet yankan 128 YX kuwa yana kusan 3980, kamunsa ya haura kashi 5 cikin ɗari, sai dai yana bin zafi, firikwansinsa na gocewa da kusan kashi 75 cikin miliyan (75 ppm) a kowane digiri, wanda ga mai aiki a ɗakin Zariya cikin watan Afrilu ba ƙaramin abu ba ne. Mai koyo ya fara da niyobet kawai. Kuma don Allah ka juya kusurwoyin dutsen a COMSOL, manhajar da ake gwada na'urar da ita a kwamfuta, in ka bar shi yadda ya zo daga ma'ajiyar manhajar to wani yanka daban kake aiki da shi.

Sai lissafi. Raba gudu da firikwansi ka samu tsawon igiya. A 100 MHz kan niyobet zai ba ka kusan maikiron 40, yatsa ɗaya 10, gibi 10. Na fi son a fara daga nan saboda yatsa mai maikiron 10 ya fi sauƙin ƙerawa kuma ya fi araha idan an kai ga tura zanen, ko da yake yawancinmu a kwamfuta muke tsayawa.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, wato kaurin ƙarfen. Wannan gudun da ka ɗauko daga littafi na dutse ne tsirara. Da zarar ka ɗora ƙarfe, ka ɗora masa kaya, ƙarfen kuma yana gajarta filin lantarkin da ke saman, duk biyun suna rage gudu, firikwansi ya sauko. Ni kaina na taɓa ɓata sati uku ina zana yatsun a matsayin layi marar kauri, sakamako yana fitowa da kyau ina murna, ranar da na sa kauri na gaskiya komai ya goce, wallahi ranar ban ci abincin dare ba. Ka zana su da tsayinsu tun ranar farko.

Kar ka riƙa tunanin kauri da nanomita kaɗai, ka riƙa raba shi da tsawon igiya. Alminiyam mai nanomita 200 a kan igiyar maikiron 40 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, ba wani nauyi. Wannan kaurin dai in ka kai shi 433 MHz, inda igiyar ta koma kusan maikiron 9, ya wuce kashi 2, labari ya canza. Idan ya yi siriri da yawa juriyar yatsun ta ƙaru, ƙarfi ya tafi a zafi, Q, wato ma'aunin kaifin tsinin rizonans, ya faɗi. Idan ya yi kauri, kowane yatsa yana mayar da igiya da ƙarfi, wanda riflekta, wato layukan ƙarfe masu mayar da igiya wajen IDT, ke so, amma in ya zarce sai makamashin ya fara zurarewa cikin dutsen. Saboda haka ka sa kwamfuta ta bi kaurin ɗaya bayan ɗaya, ka zana Q da firikwansi a kan kowanne, ka ga inda ya fi. Yi wannan da ƙwaya ɗaya mai maimaita kanta, wato ƙaramin sashen yatsun da ke maimaituwa, ba na'urar gaba ɗaya ba, in ba haka ba laftof ɗinka zai kwana yana aiki wuta ta ɗauke a tsakiya.

Maganar zinare kuma, ɗalibai suna sonsa don suna. Nauyinsa giram 19.3 ne a kowace santimita kubik, na alminiyam 2.7, wato ya ninka shi sau bakwai, ga shi sai an shimfiɗa masa kuromiyam ko titaniyam kafin ya manne. In ba sensa kake yi da za ta taɓa sinadari ba, ka bar shi.

Sauran a gurguje. Ka sa riflekta a gefe biyu, a niyobet layuka ba sai sun yi yawa ba, a kwaz kuwa ɗaruruwa ne, kuma ka gwada tazarar da ke tsakaninsu da IDT don ita ke sa rizonans ya zauna a tsakiya. Yatsun da aka tsaga biyu na kashe maidowar igiya ne, sun fi dacewa da layin jinkiri, wato na'urar da ke jinkirta sigina, ba mai neman rizonans ba. In ka ga ƙananan tsinaye suna biyo babban daga sama, igiyoyin gefe ne, ka ƙara gajerun yatsun banza a gaban kowane yatsa ko ka faɗaɗa bakinsu kamar kan guduma, amma wannan sai a zanen 3D zai bayyana. Sandunan da ke haɗa yatsun ka yi musu faɗi sosai. In na'urar ta iso hannunka, ka saita VNA, na'urar auna amsar firikwansi, tukuna kafin ka auna komai.