Yadda Matuƙi Zai Sauke Ƙaramin Jirgi Idan Inji Ya Mutu a Sama

Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya irin Cessna 172 ba ya faɗowa kamar dutse don injinsa ya tsaya. Fukafukai na nan suna aiki, kuma daga tsayin ƙafa 1,000 zai iya sulalowa kusan kilomita 3 kafin ya taɓa ƙasa.

Abu na farko, ka sunkuyar da hancin jirgin har gudunsa ya tsaya kan abin da littafin jirgin ya ƙayyade. A Cessna 172 kimanin kilomita 120 ne a awa. Nan ne tsoro ke kai mutum ya baro: zuciya na cewa ka ɗaga hanci don kada ka yi ƙasa, alhali ɗagawar ce ke cinye gudu har fukafukai su daina ɗaukar jirgin. Wannan ya fi mutuwar injin kisa.

Sai ka zaɓi wurin sauka, kada ka yi ta sauya shawara. Fili mai faɗi, kana fuskantar iska; hayaƙi ko ƙura za su nuna maka inda take kaɗawa. In gona ce, bi tsawon kunyoyi, kada ka ratsa su, don tayar gaba na iya kafewa jirgin ya kife. Titin mota yana da jan hankali, amma wayoyin lantarki ba sa ganuwa sai an zo dab da su.

In da sauran tsayi, gwada tayar da injin: duba makunnin mai, sauya tanki, buɗe makunnin da ke ɗumama kabureta (inda mai ke haɗuwa da iska) ko ƙanƙara ce ta toshe ta. Sau da yawa matsalar mai ce kawai.

Bai tashi ba? Kira "Mayday" (kalmar neman agajin gaggawa) sau uku a rediyon jirgin, a tashar gaggawa ta megahaz 121.5, ka sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da rada ke gani.

Gab da sauka, rufe mai, sauke filaf (ɓangaren bayan fukafukai da ke ba jirgi damar sauka a hankali), sannan ka kashe lantarki. Kowa ya ƙara ɗaure bel. Ka ɗan zare sakatar ƙofa, domin in jikin jirgin ya lanƙwashe ba za ta buɗu ba.

In kuwa injin ya mutu ne jim kaɗan bayan tashi, kada ka juya neman filin jirgi, tsayin ba zai isa ba. Sauka gabanka, ko da cikin ciyawa ne. Da jirgin ya tsaya, fitar da kowa ku yi nisa saboda gobara.